Fasahar Liƙe da Gayyar Hannu a Ƙasar Funtua da Malumfashi

1.0 Gabatarwa

A cikin manhajar makarantun firamare da ƙananan sakandare ta Nijeriya akwai darasin al'adu da fasahar ƙirƙira. Daga cikin abubuwan da ake bukatar malami ya koyar a ƙarƙashin wannan darasi har da wata fasaha da Turawa ke kira kolaj, watau a ɗauko guntayen abubuwa daban-daban, kamar takarda da ƙyalle da fata, a tsara su a kan shimfiɗa guda, a manne su har su ba da wata siffa sabuwa. Abin da ya fi faruwa shi ne malami ya rubuta sunan a allo, ya ba da ma'anarsa da Ingilishi, yara su kwafa, a wuce. Ta haka yaro kan tashi da zaton cewa abin baƙo ne, kuma sai mai kuɗin sayen takarda mai launi da gam na kanti ke iya yin sa. Alhali kuwa yaron nan ya fito ne daga gidan da kakarsa ta jera kwanuka a bango, kuma shi da kansa ya taɓa harhaɗa mota da kara da murfin kwalba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana ma'anar wannan fasaha da tarihinta, sa'an nan ta nuna irin sigogin da ta ɗauka a al'adar Hausawa, musamman a yankin noma na Funtua da Malumfashi a kudancin Jihar Katsina. Za a kuma duba wata al'ada da ta yaɗu a tsakanin masu zane na duniya, wadda jama'a kan ɗaura wa kansu aiki guda a cikin ƙayyadadden lokaci, a gwada ta da gayya da tashe. Daga ƙarshe za a kawo abin da nazarin ya ƙunsa ga malamin makaranta da kuma manazarcin harshe.

2.0 Matsalar Suna

Kalmar kolaj ta samo asali ne daga wani aikatau na Faransanci mai ma'anar mannawa. Hausa tana da kalmomi da dama da suka kewaye wannan ma'ana, kowace da inda ta fi ƙarfi. Akwai liƙa, wadda ke nufin a ɗora abu a jikin wani ya kama, kamar yadda ake liƙa takarda a bango. Akwai manna, wadda ta fi nuna matsewar abu biyu har ba rata a tsakaninsu. Akwai jera, wadda ba ruwanta da danƙo, tsari kawai take nufi. Akwai kuma maho, watau ƙyallen da ake ɗinkawa a kan inda riga ta yage. Idan aka lura, kolaj ya tattara dukkan waɗannan: ana zaɓe, a jera, a liƙa, wani lokaci a ɗinka. Saboda haka a wannan maƙala an zaɓi a kira shi fasahar liƙe, domin liƙawar ita ce matakin da ke tabbatar da aikin.

Akwai wata kalma ta biyu da masu zane ke amfani da ita ga aikin da aka haɗa kayan aiki iri-iri a cikinsa, misali fenti da tawada da zare da yashi a kan allo guda. Mai neman fassara zai iya tunawa da gamin gambiza, to amma wannan magana tana ɗauke da zolaya, don kuwa ana faɗinta ne ga haɗin da bai dace ba. Abin da mai fasaha ke nema shi ne haɗin da ya dace duk da bambancin asalin kayan. Don haka za a kira wannan aikin gauraye. Kowane aikin liƙe aikin gauraye ne idan kayansa sun bambanta, amma akwai aikin gauraye da ba a liƙa kome a cikinsa ba.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Masana tarihin zane na Turai sun saba ɗora farkon fasahar liƙe ta zamani a kan shekarar 1912. A wannan shekara ce Pablo Picasso, a birnin Faris, ya manna wani guntun leda mai hoton saƙar kujera a jikin zanensa, ya kewaye zanen da igiya. A cikin shekarar dai abokin aikinsa Georges Braque ya yanko takardar ado ta bango mai kamar katako ya liƙa a cikin zanen gawayi. Abin da ya ba mutane mamaki a lokacin shi ne, tun ƙarnoni da dama aikin mai zane a Turai shi ne ya kwaikwayi abu da fenti, sai ga wasu sun ɗauko abin da kansa sun ajiye a kan allo.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya fasahar ta ƙara faɗi a Jamus. Hannah Höch ta riƙa yanko hotuna daga jaridu tana harhaɗa su don sukar shugabannin zamaninta, shi kuwa Kurt Schwitters ya riƙa tsintar tikitin mota da tsumma da guntun katako a titi yana gina ayyukansa da su. Henri Matisse, da tsufa da ciwo suka hana shi tsayuwa gaban allo a shekarun 1940, sai ya koma yanka takarda mai launi da almakashi. A Amurka, Romare Bearden ya yi amfani da liƙen hotuna daga 1964 wajen bayyana rayuwar baƙaƙen fata.

A Nijeriya, Zariya tana da muhimmin matsayi a wannan tarihi. A 1958 wasu ɗaliban sashen zane na kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Ra'ayinsu shi ne a haɗa dabarun da aka koya daga Turawa da fasahar da kowa ya gada a gida. A Oshogbo, Jimoh Buraimoh, wanda ya fito daga taron koyon zane na 1964, ya shahara da liƙa duwatsun ado a kan allo. El Anatsui, mutumin Gana da ya koyar a Jami'ar Nsukka tun daga 1975, ya kai abin matuƙa: yana baje murafen kwalabe, a huda su, a ɗinke da wayar tagulla, har su zama kamar wani ƙaton mayafi da ake ratayawa a bango. A 2015 aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin zane na Benis a Italiya.

Wannan tarihi yana nuna abu guda. Shekarar 1912 ita ce lokacin da gidajen nunin zane na Turai suka fara karɓar liƙe a matsayin fasaha. Dabarar kanta ta girmi wannan shekara nesa ba kusa ba, a Turai da Asiya da Afirka.

4.0 Ƙasar da Kayan da Ta Tanada

Mai aikin liƙe da abin da ke kusa da shi yake aiki, saboda haka sanin tattalin arzikin wuri shi ne sanin kayan fasaharsa. Kudancin Katsina ƙasar dawa ce da masara da auduga da rake. Tun kafin zuwan Turawa garin Maska, wanda hakimin Funtua ke riƙe da sarautarsa ta Sarkin Maska, ya yi suna a saƙa da rini. Zamanin mulkin mallaka ya ƙara wa auduga daraja: kamfanin Ingilishi mai kula da nomanta ya kafa injunan gurza a Funtua da Malumfashi, aka buɗe gonar iri a Daudawa, sa'an nan hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya ta ratsa Funtua ta isa Ƙauran Namoda a 1929. A 1975 aka fara shirin raya aikin gona na Funtua da taimakon Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe, daga baya kuma aka kafa masaƙa ta zamani a garin.

Kowane ɗaya daga waɗannan matakai ya bar wani abu a hannun talaka. Gona ta ba da kara da totuwa da ɓawon masara da kaba. Saƙa da ɗinki sun ba da ƙyalle da zare. Jirgi da kantuna sun kawo kwanukan ruwa masu fenti, da gwangwani, da madubi, da langa-langa, watau siririn ƙarfen da ake ɗaure dila da shi. Takin zamani ya zo da buhuna waɗanda ake warware zarensu a tufka igiya ko a yi wa faifai ado. Kalanda da jarida da kwalin shayi sun zo da launi da rubutu. Abin da Schwitters ke yawon tsinta a titunan Jamus, ire-irensa ne ke zube a kasuwar Funtua da ta Dandume da ta Bakori da yammacin ranar kasuwa.

5.0 Sigogin Liƙe a Al'adar Hausawa

5.1 Jeren ɗakin amarya

Mafi bayyanar misali shi ne jere. Kafin a kai amarya, mata 'yan'uwanta kan je su shirya mata ɗaki. A zamanin da ƙore da akusa da fayafai da tasoshi ake jerawa. Da kwanukan fenti suka shigo sai suka mamaye wurin: a ɗora langa bisa langa daga babba zuwa ƙarama, a kafa farantai a bango sahu-sahu, wani lokaci tun daga kusa da ƙasa har rufi. Masanin zamantakewa Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya lura da yadda matan aure ke zuba ribar sana'arsu a cikin kwanukan fenti ƙirar Cekoslobakiya. Wannan ya nuna cewa jere dukiya ce da mace ke ajiyewa, wadda za ta iya sayarwa ran bukata ko ta raba wa 'ya'yanta mata.

Ta fuskar fasaha kuwa, abin lura shi ne faranti a bango ya daina zama abin cin tuwo. Ya koma da'ira mai launi, ana duba girmansa da furen da ke jikinsa da wanda ya dace ya zauna kusa da shi. Cire abu daga amfaninsa na kullum a mai da shi yanki na wani tsari shi ne ainihin abin da ake nufi da fasahar liƙe. Masu jere ba su da sunan makarantar zane, amma suna da ka'ida, don kuwa idan sahu ya karkace ko launi ya yi karo, wata dattijuwa za ta ce a sauke a sāke. Shigowar kabad mai gilashi, da kayan tangaran da na roba, ta rage wannan al'ada ƙwarai a cikin gari.

5.2 Dukanci

Baduku kan yanka fata mai launi gunduwa-gunduwa, ja da baƙa da koriya da rawaya, ya ɗora a kan wata fatar ya manne, sa'an nan ya bi da ɗinki. Wani lokaci yakan huda ta sama domin launin ta ƙasa ya leƙo. Da wannan dabara ake ƙawata matashin fata da jaka da kube da kayan doki. Launukan kansu aikin gauraye ne: ana jima da bagaruwa, ana samun ja daga karan dafi, wanda wani irin dawa ne da ake shukawa domin rini. A hawan salla, ko irin babban hawan da aka yi a Kaduna lokacin bikin al'adun baƙar fata na 1977, doki guda kan ɗauki fata da ƙarfe da ulu da madubi da zane, duk a tsari ɗaya. David Heathcote, wanda ya koyar a Zariya ya kuma shirya nunin fasahar Hausawa a Landan a 1976, yana cikin waɗanda suka fara jawo hankalin masana ga irin waɗannan ayyuka.

5.3 Adon bango

Magina na gargajiya su ma masu gauraye ne. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ana yaɓe da daɓe da ita. Laso kuwa, wanda ke hana ruwa ratsa soro, haɗi ne na katsi daga karofi, da gashin jima daga majema, da dafara daga daji. Watau sharar sana'a biyu ce ta zama kayan sana'a ta uku. A Zazzau, wadda ke maƙwabtaka da wannan yanki, fasahar gini ta kai ƙololuwa a masallacin Juma'a da Babban Gwani Mika'ilu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. A ƙarni na ashirin masu adon gidaje sun riƙa dasa faranti a cikin ɗanyen yaɓe, suna kuma sa siffar keke da mota da agogo kusa da dagi. A. H. M. Kirk-Greene ya wallafa ɗan littafi a kan gidajen Zariya masu ado a 1963. Wanda ya sa keke kusa da dagi ya yi daidai da abin da ɗaliban 1958 suka yi kira a yi, ko da yake shi bai rubuta wata sanarwa ba.

5.4 Wasannin yara

Bayan girbi, sa'ad da kara ya bushe, yara maza kan fere ɓawonsa su sami tsinke, su yanka totuwa ta zama mahaɗi, su gina mota ko jirgi ko tabarau. Waɗanda suka ƙware kan koma ga gwangwanin madara da waya da langa-langa, su yanko taya daga tsohon silifa. 'Yan mata kuma kan yi 'yar tsana, su ɗaura mata ƙyallen da suka roƙo wurin tela, su yi mata kitso da zare, har su shirya mata ɗaki da murafen kwalba a madadin kwanuka. A nan ne yaro ke fara koyon cewa abu yana iya tsayawa a madadin wani abu, wanda shi ne tushen kowace fasaha, har da ta magana.

6.0 Yadda Aikin Yake Tafiya

Daga misalan nan ana iya fitar da matakai biyar waɗanda kowane aikin liƙe ke bi.

Na farko shi ne shimfiɗa. Dole abin da za a liƙa a kai ya fi abin da za a liƙa ƙarfi, in ba haka ba zai lanƙwashe idan danƙo ya bushe, domin takarda kan kumbura idan ta jiƙe ta kuma tsuke idan ta sha iska. Kwalin kanti mai kauri ya wadatar ga mai koyo.

Na biyu shi ne zaɓe. Kowane guntu yana zuwa da launi da laushi ko kaushi, yana kuma zuwa da labarinsa. Guntun buhun taki yana tuna wa mai kallo noma ko da ba a zana gona ba, guntun atamfa kuma yana tuna biki. Gwani shi ne wanda ke lura da fuska biyun nan a lokaci guda.

Na uku shi ne jeri kafin manni. Ana shimfiɗa guntayen a busashe, a matsa wannan, a cire wancan, har ido ya gamsu. Ka'idojin da ake bi su ne waɗanda masu jere da masu ɗinkin hula suka sani: maimaita siffa, daidaita dama da hagu, da sa launi mai duhu kusa da mai haske don kowane ya fito.

Na huɗu shi ne manni, kuma ana farawa da manyan guntaye na ƙasa a ƙare da ƙanana. Ƙaro, wanda almajirai ke sawa a tawada, idan aka jiƙa shi yana kama takarda. Kunun sitaci na rogo yana kama takarda da ƙyalle, sai dai gara da kyankyaso suna son sa, saboda haka aikin da aka yi da shi yana bukatar ajiya mai kyau. Leda da ƙarfe ba su shan ruwa, don haka danƙo mai ruwa ba ya riƙe su, sai a ɗinka ko a ɗaure, kamar yadda baduku da El Anatsui ke yi.

Na biyar shi ne bushewa. Ana danne aikin da abu mai nauyi a inuwa. Da damina laima kan jinkirta shi har ya yi fumfuna, saboda haka kaka da hunturu sun fi dacewa, kuma lokacin ne kara da ɓawon masara suka fi yawa.

7.0 Gayya, Gasa da Tashe

Masu zane sun daɗe da gane cewa mutum ɗaya a ɗaki yakan yi sanyi. A Faris, wajen 1925, wasu mawallafa da masu zane sun ƙago wasa inda kowa zai zana yanki a takarda, ya ninke, ya miƙa wa na kusa ya ci gaba ba tare da ya ga abin da ya gabata ba. A Nijeriya, Bruce Onobrakpeya ya fara taron hunturu na masu fasaha a Agbarha-Otor ta Jihar Delta a 1998, inda gwanaye da masu koyo kan zauna tare su yi aiki. A 2009 wani mai zane na Amurka, Jake Parker, ya ɗaura wa kansa yin zanen tawada guda kowace rana a watan Oktoba, abin da ya zama Inktober, wanda mutane a ƙasashe da yawa suka ɗauka. A 2018 kuma aka fara keɓe rana guda a watan Mayu domin masu fasahar liƙe na duniya.

Da Ingilishi ana kiran irin wannan shiri da kalmar da aka saba fassarawa ƙalubale. Amma ƙalubale a Hausa yana ɗauke da ma'anar tsokanar abokin karawa, kamar a fagen dambe. Gasa kuma tana bukatar wanda ya ci da wanda aka kayar. Shirin da ake magana a kai yana da siffofi huɗu: akwai mai kira, akwai aiki guda da kowa zai yi, akwai lokaci ƙayyadadde, akwai kuma nuna abin da aka yi a gaban jama'a. Manomin Funtua ya san wannan tsari sarai, sunansa gayya. Mai gona ya yi kira, samari su taru, makaɗi ya buga gangar noma, kowa ya kama kuyya. Akwai ƙoƙarin wuce juna, amma gonar guda ce, kuma da yamma kowa ya ci abinci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Don haka sunan da ya fi dacewa da wannan shiri shi ne gayyar fasaha.

Tashe ya fi kowace al'ada kusa da wannan ma'ana. Yana da lokaci sananne, daga goma ga watan azumi. Yana da jigogi da aka gada, waɗanda kowane rukunin yara zai fassara da abin da ya samu: mai wasan tsoho ya liƙa gemun auduga ya cusa tsumma a baya ya yi doro, mai wasan boka ya rataya sassaƙe da saiwoyi da ƙahoni, wani ya shafa bula ko gawayi. Yana da masu kallo da ke hukunci, domin gidan da wasa ya burge shi ya fi ba da hatsi ko kuɗi. Jigon ɗaya ne a kowace unguwa, amma shigar ba ta taɓa zama ɗaya, kuma a cikin wannan ratar da ke tsakanin jigo da shiga ne ƙirƙira take. Wannan yana bayyana dalilin da ya sa ƙayyadewa ke taimakon mai fasaha: wanda aka ce ya yi duk abin da ya ga dama yakan rasa ta inda zai fara, wanda aka ba jigo da wa'adi kuwa sai ya duƙufa neman dabara.

8.0 Abin da Wannan Ya Ƙunsa ga Makaranta

Wuraren da yaro ke koyon aikin hannu ba tare da malami ba suna raguwa. Kayan wasa na roba sun yi arha, wayar hannu ta cinye lokacin dandali, kuma rashin tsaro da ya addabi sassan kudancin Katsina tun daga shekarun 2010 ya rage fitar dare da taruwar jama'a a ƙauyuka da yawa. A Kano ma an sami shekarun da 'yan sanda suka dakatar da tashe saboda tsaro. Idan dandali ya yi rauni, nauyin yana komawa kan makaranta, ita kuwa kukanta kullum shi ne rashin kayan aiki. Fasahar liƙe tana cikin darussa ƙalilan da wannan uzuri bai shafa ba.

Malami zai iya shirya gayyar fasaha ta mako huɗu bayan girbi, kowane mako da jigonsa, misali kasuwa, ko rumbu, ko tashar jirgi, ko wani karin magana. Sharaɗin shi ne kada a sayi kome. A ƙarshen kowane mako a kafa ayyukan duka a bango, mai kyau da wanda bai kai ba, kowane yaro ya faɗi da Hausa abin da ya yi amfani da shi da dalilin zaɓensa. Ta haka darasin zane ya zama darasin harshe, domin kalmomi irin su totuwa da makuba da katsi za su dawo bakin yara tare da abubuwan da suke nufi. Ya kamata kuma a gayyato baduku ko tsohuwar da ta iya jere su duba ayyukan, su faɗi ra'ayinsu da kalmomin sana'arsu.

Akwai abubuwa uku da ya wajaba a kiyaye. Na ɗaya, takardar da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah ba a yanka ta ba a kuma liƙa ta, saboda haka malami ya tace jaridu da kalandun da yara suka kawo. Na biyu, iyaye da malamai da yawa ba su yarda da surar mai rai ba. Wannan ba ya tsayar da aikin, domin fasahar Hausawa ta fi ƙarfi a siffofi irin na dagi da zayyanar allo da aska takwas, kuma liƙe ya dace da su ƙwarai. Na uku, gwangwani da langa-langa suna yanka, buhun maganin ƙwari kuma guba ne, don haka a nisanta ƙananan yara da su.

Ga manazarta kuwa, akwai aiki mai gaggawa. Kalmomin da masu jere da dukawa da magina ke yaba aiki ko kushe shi da su sune ma'aunin kyau na Bahaushe, kuma yawancinsu a bakin tsofaffi suke. Ɗalibin da ya zauna da su a Maska ko Bakori ko Malumfashi ya rubuta waɗannan kalmomi da yadda ake amfani da su, ya tanadar wa malaman zane harshen da za su koyar da shi.

9.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa fasahar da aka fi sani da sunan kolaj ta sami karɓuwa a gidajen nunin Turai daga 1912, amma dabararta tana nan a jeren amarya da dukanci da adon bango da wasannin yara na ƙasar Hausa. An ba da shawarar sunaye uku: fasahar liƙe, aikin gauraye, da gayyar fasaha. An kuma nuna cewa tsarin kira da jigo da wa'adi da nuni, wanda masu zane na duniya ke bi, shi ne tsarin gayya da tashe. Yankin Funtua da Malumfashi yana da kayan aikin a gonakinsa da kasuwanninsa, yana kuma da sauran gwanayen da suka san ka'idojin. Abin da ya rage shi ne a haɗa su da ɗalibai a aji guda, a kuma rubuta abin da suka sani tun suna da rai.